Shafi Biyu Kullum, 'Yata

 Labarin sana'arki yana iso mini ta bakin mutane, kuma duk mai daɗi ne. An ce atamfa da leshi ba sa kwana a ɗakinki. An ce har daga wasu garuruwa ake turo kuɗi ki kai kaya tasha. Madalla. Allah ya ƙara buɗi, ya raba ki da sharrin mahassada.

Magana ɗaya nake so mu yi, kuma ba faɗa ba ne. Tun da kika gama makaranta kika daina karatu. Ba ke kaɗai ba ce. Yawancinmu ranar da aka rubuta jarrabawar ƙarshe ake ɗaure littattafai a kwali, a tura ƙarƙashin gado, gara ta gaje su. Na san uzurinki. Ga girki, ga yara, ga maigida, ga waya ba ta daina ƙara. Duk na yarda. Amma gyara zama ki saurari gwaggonki.

Mu mutanen kunne ne. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, rediyo ya zama abokin hirar gidajenmu, kuma ya wayar da kai ba kaɗan ba. Ba na raina shi. Sai dai abin da ya shiga kunne wucewa yake yi. Ba ki da ikon tsayar da mai magana ki ce ya maimaita. In kuwa labarin a bakin maƙwabciya kika ji, wadda ita ma a gidan biki ta tsinto, to kafin ya iso ki an sa masa gishiri da yaji. Rubutu shi jiranki yake yi. Ki karanta yau, ki koma jibi, yana nan da kwanan watansa da adadinsa.

Kin tuna canjin kuɗi? A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Ya faɗi ranar da sababbi za su fito, 15 ga Disamba. Ya faɗi ranar da tsofaffi za su daina aiki, 31 ga Janairu na 2023. Duk jaridu sun buga. Wata uku cur aka ba mutane. Amma mata nawa ne ba su farga ba sai a makon ƙarshe? Na ga uwar adashi, dattijuwa, ta juye gwangwanin madara a kan tabarma, tsofaffin ɗari biyar-biyar a nannaɗe da kyauro, hannunta yana rawa, tana tambayar jikanta ko gaskiya ne jibi sun zama takarda. Kuɗin mutum goma sha ne a wuyanta. Ba ta da asusun banki, ba ta san inda za ta fara ba. Daga baya an ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da yawo. Amma kafin nan wasu sun riga sun karyar da kayansu, wasu sun ba da tsohon kuɗi an zaftare musu kaso. Ba zan ce wanda ya karanta bai sha wuya ba. Kowa ya sha, har mai jarida a hannu ya bi layin banki. Bambancin shi ne ya buɗe asusu da wuri, ya kai kuɗinsa cikin natsuwa, ya koya wa masu sayen kayansa turawa ta waya tun kafin a shiga matsi. In kunne ya ji, jiki ya tsira, in ji Hausawa. A wannan zamani har da ido.

Bari in zo kusa da tabarmarki. A ce kin saro turmi goma a Kantin Kwari, kowanne naira 10,000. Kin sayar a kan 12,000. Kin ware 20,000 kin ce riba ce, kin yi cefane, kin yi anko. Sai ki koma kasuwa da 100,000 ɗinki, a ce miki turmi ya koma 12,500. Turmi takwas za ki ɗauko. Uwar kuɗi tana nan a lissafi, amma kaya sun ragu da biyu. Ki yi haka sau uku ki ga abin da zai rage a ɗakin. Mata da yawa a haka jarinsu ya narke bayan watan Yuni na 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ga kuma tallafin mai da aka cire a ƙarshen Mayu. Ba almubazzaranci suka yi ba, baiwar Allah. Ba su san cewa yawancin yadin da ke Kwari shigo da shi ake yi daga waje ba, musamman daga Sin, kuma da dala ake biya. Dala ta motsa, turmi ya motsa. Mai ya tashi, kuɗin mota ya tashi. Wadda take leƙa shafin kasuwanci na jarida ko sau biyu a mako, ta san ba da kuɗin da ta saro jiya za ta sa farashi ba, da kuɗin da za ta saro gobe ne. Wannan ɗan sanin kaɗai ya isa ya raba wadda za ta ɗore da wadda za ta koma neman jari wurin 'yan uwa.

Kuma kada ki ɗauka wannan maganar 'yan boko ce. Ɗauko Risala, wadda kika fara a Islamiyya kika tsaya a babin azumi. Malam Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta ta sama da shekara dubu da suka wuce, don a koyar da yara ma ya yi ta. Can gaba akwai babin ciniki. A nan za ki ga abin da ya halatta da abin da ya haramta a saye da sayarwa: riba irin wadda Allah ya hana, algus, ɓoye aibin kaya, sayar da abin da ba a san yadda yake ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ba ya son mutum ya zauna ciniki a kasuwa sai ya fahimci hukuncinsa. Mu kuwa sai mu shekara muna saye da sayarwa ba mu taɓa buɗe babin ba. Ke da kike ɗaukar hoton leshi a haske mai kyau ki ɗora a waya, alhali kin san akwai ɗan tabo a gefe, kin ga akwai abin tambaya a nan. Na san ba da mugun nufi ba ne. Shi ya sa nake so ki karanta.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma umarni ta yi a rubuta shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sana'ar cikin gida kuwa rabinta bashi ce. Wance ta ɗauki turmi biyu sai ƙarshen wata, wance sai an kwashi adashi. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Suna, kaya, kuɗi, rana. Rubutawar ba ta isa ba, sai kina komawa kina karantawa. Ranar Juma'a da yamma, ki zauna da shi. Zai gaya miki abin da ƙawa ba za ta gaya miki ba: wace ce mai biya, wace ce mai daɗin baki, wane kaya ne ke tafiya, wanne ne ya kwanta tun kafin Sallah. Zumunci da yawa ya lalace a kan "ai na ba ki" da "ba ki ba ni ba". Layi ɗaya na biro da ya kashe wutar.

Sai maganar masu zuwa da alkawarin kuɗi na haihuwa. A 2016 wani tsari mai suna MMM ya cika ƙasar nan, yana alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari duk wata. Babban Banki ya yi gargaɗi. Hukumar da ke kula da hannun jari ta yi gargaɗi. Mutumin da ya ƙirƙiro shi, wani ɗan Rasha, an taɓa ɗaure shi a ƙasarsu a kan irin wannan damfarar. Duk a rubuce yake, ga duk mai son dubawa. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane, kuɗin aure da na makaranta suka tafi. Ɗauki biro ki gwada da kanki. Kashi 30 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, naira 100,000 za ta haura miliyan biyu a shekara ɗaya. Wace sana'a ce a duniya take haka? Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa, shi ke nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Irinsu ba su ƙare ba, suna kawai suke sauyawa. Haka masu ba da rance ta waya. Suna rubuta sharuɗɗansu da ƙananan baƙaƙe don sun san ba a karantawa, mutum ya danna ya amince, har da ba su izinin shiga lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya makara sai surukarsa ta ga saƙo. Wadda ta saba karatu ba ta jin nauyin karanta shafi guda kafin ta sa hannu. Wadda ba ta saba ba, layi uku ya ishe ta ciwon kai.

To, kada in cika ki da lissafi. Akwai karatun da ba don kuɗi ba, kuma ina ganin shi ya fi gyara mutum. Nemi Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, duka ukun. Nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana malamin makaranta, tun kafin ya zama Firayim Minista. Mai karanta labari yana shiga zuciyar wasu. Yana ganin yadda mai haɗama ke tunani, yadda mai haƙuri ke cin riba, yadda magana ɗaya ke gyara ko ta ɓata. Sai ki ga kin rage saurin fushi. Mai saye ta zo da tsiya, ki san yadda za ki sauke ta ba tare da kin zubar da girmanki ba. Hausarki ma za ta yi nauyi, ta yi daɗi. Littattafan da ake turawa a waya yanzu, akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda in kin gama ba abin da ya rage miki sai ciwon ido da abincin da ya ƙone. Ke ba yarinya ba ce, za ki iya tantancewa.

In zuciya ta ce miki lokaci ya wuce, tuna Balaraba Ramat Yakubu. Tana yarinya ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Da girmanta ta koma ajin yaƙi da jahilci a Kano, har ta zama marubuciyar da aka fassara littafinta zuwa Turanci. Ɗaya daga cikin littattafanta ma sunansa Wa Zai Auri Jahila? Kafin ita da nisa akwai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa dattawan mata da ake kira jaji, suna zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Waɗannan matan su ma suna da daka da surfe da goyo, kuma a ƙafa suke tafiya. Ke kuwa ɗakin karatu guda yana cikin tafin hannunki.

Ba na ce ki zauna awa biyu ba. Ba za ki iya ba, kuma in kin fara da haka mako ɗaya za ki watsar. Shafi biyu. Bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, ko bayan Isha'i in yara sun kwanta. Da yayyafi kogi kan cika. Shafi biyu kullum ya haura shafi 700 a shekara, littafi uku ko huɗu ke nan. Lokacin yana nan, 'yata, TikTok ne yake cinye shi, kin sani na sani. Ki kifa wayar, ko ki bar ta a caji a wani ɗakin. In Turanci yana miki nauyi, fara da Aminiya, Hausa ce tsantsa, kuma akwai labarin kasuwa da na noma a ciki. In kin ci karo da abin da ba ki gane ba, ja layi a ƙarƙashinsa ki tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ƙaninki da ya karanta lissafin kuɗi yana nan yana zaman jiran aiki, ki sa shi ya yi miki bayani, shi ma zai ji ya yi amfani.

Wani lokaci ki ɗaga murya ki karanta wa yara. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, masu iya boko kaɗan ne, sai mutum ɗaya ya saya ya karanta, jama'a su kewaye shi suna saurare. Ki yi haka a tsakar gidanki. Yaron da ya tashi yana ganin uwarsa da littafi a hannu, ba sai an bi shi da bulala ya yi aikin makaranta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maigidan ma, ki bar shi ya yi dariyarsa ta kwana biyu. Ranar da kika gaya masa abin da ke cikin takardar hayar shago kafin ya sa hannu, zai daina.

Magana Jari Ce littafi na ɗaya yana wurina, zan ba direban da ke kawo muku hatsi ya taho miki da shi. Bangon ya ɗan yage, ki sa yara su liƙe. Babin ciniki na Risala kuwa kada ki karanta shi ke kaɗai, akwai wurare masu sarƙaƙiya. Ki kai wa malamarku ranar Asabar ta biya miki, ki roƙe ta ta haɗa da sauran matan ajin masu sana'a. Ki gaida maigidan da yaran.