Kamun Ƙafar Gwamnatocin Waje da Amanar Mai Riƙe da Muƙami

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasin wannan mako ya shafi kamun ƙafa, watau yadda gwamnatin wata ƙasa kan ɗauki mutane haya domin su shawo kan masu mulkin wata ƙasar. Aika manzanni tsakanin sarakuna tsohuwar al'ada ce, ba ta da aibi. Aibin yana zuwa ne idan manzo ya ɓoye wanda ya aiko shi, jama'a suka ɗauka shawarar ɗan ƙasa suke ji, alhali baƙo ne ya biya kuɗinta.

Amurka ta daɗe tana fama da wannan cuta. A 1938, da ta ga 'yan koren gwamnatin Hitler suna baza farfaganda a ƙasarta, sai Majalisa ta kafa dokar rajistar wakilan ƙasashen waje. Dokar ba ta hana aikin ba. Ta dai wajabta wa mai yin sa ya yi rajista cikin kwana 10, ya faɗi wanda yake yi wa aiki da abin da ake biyansa, sa'an nan ya kai rahoto kowane wata 6. Tun 1942 Ma'aikatar Shari'a ke riƙe da takardun, kowa yana iya dubawa.

Dokar ba ta bar dangin manya ba. A 1980 sai da Billy Carter, ƙanen shugaban ƙasa na lokacin, ya yi rajista a matsayin wakilin Libiya, ya kuma bayyana dala 220,000 da ya karɓa.

Ma'aikacin hukuma kuwa an hana shi wannan wakilci ɗungum. A 2022 masu bincike suka sami sandunan zinariya da tsabar kuɗi fiye da dala 480,000 a gidan Sanata Robert Menendez, shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa a lokacin. A 2024 kotu ta same shi da laifin cin hanci da yi wa Masar aiki a ɓoye, aka ɗaure shi shekara 11 a 2025.

Musulunci ya riga ya yanke hukunci a kan irin wannan kyauta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyauta ce aka yi masa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya tsawata, ya nuna cewa muƙamin ne ya jawo kyautar. Daga nan malamai suka fahimci haramcin kyautar da ake ba ma'aikaci saboda kujerarsa. In haka hukuncin yake ga kyautar talakawan gida, ina ga wadda ta fito daga gwamnatin da ke neman makamai ko rance?

Saboda haka haƙƙin jama'a ne su tambayi wakilansu wanda ya biya musu kuɗin jirgi da masauki, wajibin wakilai ne kuma su amsa a fili.

Allah Ya tsare mu daga cin amana, amin.