Wabi Ko Tunjere?

Wata baiwar Allah da shekarunta ba su kai talatin ba aka kawo mana ɗakin haihuwa a nan birnin Kano da cikin wata takwas, tana cewa tun shekaranjiya ba ta ji motsi ba, uwar mijinta na biye da ita riƙe da gorar rubutu. Da Allah ya sauke ta, sai ga yaro namiji ya riga ya koma, fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa duk ta saɓule, cikinsa a kumbure, mabiyiya kuwa ta yi girma da fari fiye da ƙima. Duk ungozomar da ta taɓa ganin wannan alama ko sau ɗaya ba ta bukatar a gaya mata sunan cutar. Shi ne na uku da ta binne a jere. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Sista, ai wabi take yi. Mun yi na Hausa, mun yi na malamai, har wurin mai ruƙiyya mun kai ta, abin ya ƙi."

Na nemi katin awo, aka miƙo mini. Ashe ta je wani ɗan asibitin kuɗi na unguwarsu, inda aka auna hawan jininta, aka yi mata hoton ciki har sau biyu, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka karɓi kuɗi, alhali ba wanda ya ga dacewar ya ɗiga jininta a kan ɗan tsinken gwajin nan da ke nuna tunjere da ƙanjamau a lokaci guda cikin minti ashirin. Hoton ciki ne ke kawo kuɗi, shi ya sa ba a mantawa da shi. Mu da muka gwada, layukan duka biyu suka fito. Da an yi wannan tun farkon ciki, an yi mata allurar benzathine yadda ya kamata, an ɗora ta bisa ƙwayar ƙanjamau, to, bisa ga abin da Allah ya sanar da mu na sababi, da yanzu goyo take yi.

Maigidan ɗan kasuwa ne mai yawan tafiye-tafiye, kuma sai da aka yi ta aike kafin ya zo. Da muka keɓe, bayan dogon kewaye-kewaye, ya yarda cewa shekarun baya wani ɗan miki ya taɓa fito masa a gaba, ba zafi ba ƙaiƙayi, yaron kemis ya ba shi kafso ja-da-rawaya ya ce ya sha wasu, ya fasa wasu ya barbaɗa, mikin kuwa ya baje. Ai dama zai baje ko da ba a sa masa kome ba, ɗabi'ar tunjere ke nan, ya rufe ƙofa ya shige cikin jini! Na roƙe shi ya bari a ɗebi jininsa, sai ya gyara babbar riga ya ce, "Haba Sista, dube ni fa. Ni na yi kama da mai ciwo? Ina ma da takarda, bara na ƙara aure." Da na matsa masa da tambayar inda aka yi gwajin, ya ce wani abokinsa ne ya kawo masa ita har shago, da hatimi da sa hannu, ko tsinke bai taɓa shi ba. Matar tana kan magani yanzu. Shi bai dawo ba, amaryar kuma ba mu gan ta ba, amanar aiki kuwa ta ɗaure mu, ba mu da ikon sallama a gidan mu faɗa mata.

Tun da binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa masu ƙanjamau kashi 1.4 ne cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, mutane suka saki jiki kamar an yi sallama da cutar, suka manta cewa a birni mai cunkoson Kano ko kashi ɗaya cikin ɗari jama'a ce mai ɗimbin yawa. Mu kuwa da ke riƙe da littafin rajista muna ganin yadda ciwon sanyi da tunjere ke ƙara yawa a tsakanin matan aure waɗanda ba su san kowa ba sai mazajensu. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, doka ce mai maslaha ƙwarai, amma me za ta tsinana matuƙar ana sayen takarda kamar katin waya? Malaman fiƙihunmu na Malikiyya tun tuni suka yi babi a kan aibobin da ake mayar da aure saboda su, domin shari'a ba ta yarda a ɓoye cuta a shiga da ita ɗakin 'yar mutane ba. Wanda ya sayi takarda ha'inci ya yi, wanda ya sayar ya fi shi, waliyyin da ya karɓa bai tambayi asibitin da aka yi ba shi ma yana da kamasho.

Mace mai ciki a gwada jininta, kowane ciki, ko na goma ne. Miki ya warke ba shi ne cuta ta warke ba. Ba a yi wa mace magani a bar mijinta da abokiyar zamanta. Ƙiba da hasken fata ba shaidar lafiya ba ne.

Sa'an nan ina kira ga 'yan kemis da su ji tsoron Allah. Duk wanda ya zo da fitsari mai zafi sai ku ƙirga masa ciprofloxacin guda huɗu gwargwadon kuɗinsa, alhali ƙwayar ciwon sanyi ta daɗe da gagarar wannan magani a wurare da yawa, har an koma ga allurar ceftriaxone. Ku ne kuke horar da cutar, mu a bar mu da mace mai toshewar mahaifa ana zarginta da juya. Kada ma a yi zancen masu lasifika a bakin kasuwa, masu garin magani ɗaya na sanyi da basir da ƙarfin maza. Mata kuma su daina fakewa da cewa a banɗaki suka ɗauka. Ba a ɗaukar tunjere a masai. Jaririn da idonsa ya kama zubar da mugunya cikin kwanakin farko a kawo shi ranar, ba a ɗiga masa nono ba, don yana iya makancewa kafin suna. Askar wanzami da allurar 'yan shaye-shaye, kowa ya san hukuncinsu.

Na sake faɗa, domin shi ne aka fi yi mana gardama a kai: a gwada mai ciki, a kuma kawo mijin. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙwaya ɗaya ce a yini, mai ciki da ta riƙe ta da gaskiya kuwa da wuya ƙwarai ta sa wa ɗanta. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allura ta soke shi, akwai maganin riga-kafi, amma sa'a 72 kawai gare shi. Iyayen da suka tsaya shawarar rufin asiri har mako ya zagayo, idan sun zo ba abin da za mu iya ba su sai ranar dawowa gwaji.