Darasi na 14: Nauyin Tsofaffi da Masu Ɗaukarsa

A karanta kafin a taru: 1 Timothawus 5:3-16, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Galatiyawa 6:2-5.

Babu ekklesiyar da za a tsaya a cikinta a ce kada a girmama tsofaffi. Yara su kan durƙusa su gaishe su, a kan ba su kujerun gaba ran Lahadi, in kuwa sun mutu a kan yi musu jana'iza mai yawan jama'a da mawaƙa. Amma tsakanin kujerar gaba da kabari akwai waɗansu shekaru da ba a cika maganarsu a majami'a ba, watau lokacin da ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, Baba ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi. A cikin shekarun nan, sau da yawa mutum guda ne ke wanka da wanki da ciyarwa da tashin dare, galibi kuwa mace ce, ko 'yar tsohon ko matar ɗansa. Darasinmu na yau a kanta ya ke, da abin da Maganar Allah ta ɗora wa sauran masu bi saboda ita.

Jin nauyi da ɗaukar nauyi

Bari mu fara da doka ta biyar, cikin Fitowa 20:12. Mun saba koya wa yaran makarantar Lahadi wannan doka, sai ka ce dominsu kaɗai aka ba da ita. Amma in mun duba dokokin da ke kewaye da ita, za mu ga ana magana ne da magidanta, masu 'ya'ya da barori da dabbobi. Iyayen irin waɗannan mutane lalle tsofaffi ne. Kalmar Ibrananci da aka juya da girmamawa a wurin nan, tushenta ɗaya ne da kalmar nauyi. A nan Hausa ta yi wa mai juyi alheri, gama mu kan ce muna jin nauyin mutum in muna ganin girmansa, mu kan kuma ce mun ɗauki nauyinsa in ci da sha da suturarsa suna wuyanmu. Dokar ta haɗa duka biyu. Mu ne mu ke raba su, mu riƙe na fari domin ba ya cin kuɗi ko barci.

Ubangijinmu Yesu Kristi da kansa haka ya fassara ta. Cikin Markus 7:9-13 ya tsauta wa Farisawa saboda al'adar Korban, inda mutum zai ce dukiyar da iyayensa za su amfana da ita ya riga ya keɓe ta ga Allah, sa'an nan a sake shi daga taimakonsu. Bai tuhume su da rashin gaisuwa ba. Abinci ne suka hana. Ya kamata mai bi da ke yin baiko mai tsoka a gaban jama'a a Ikko ko Fatakwal, alhali mahaifiyarsa tana kwana cikin ɗaki mai yoyo a ƙauye, ya karanta ayoyin nan a hankali. Mu tuna kuma, yana bisa gicciye, cikin tsananin azaba, ya nema wa mahaifiyarsa gidan da za ta zauna, ya danƙa ta a hannun almajirin da ya ke ƙauna (Yohanna 19:26, 27).

Tsarin da Bulus ya bar wa Timothawus

Manzo Bulus bai bar maganar ta zama ta tausayi kawai ba, ya sa mata tsari. Ya ce alhakin gwauruwa, watau matar da mijinta ya mutu, yana kan 'ya'yanta da jikokinta tukuna, ya kuma kira hidimarsu ramuwar abin da iyaye suka yi musu. Wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa, Bulus ya sa shi ƙasa da marar ba da gaskiya. Wadda ba ta da kowa kuwa, ekklesiya ce gidanta. Aya ta 9 ta nuna har akwai rubutaccen jerin sunaye, ba a kuwa shigar da wadda ba ta kai shekara 60 ba. Ekklesiyar farko tana da littafin tsofaffinta. Da yawa daga cikin namu suna da littafin baiko da na ginin majami'a, amma wannan babu.

Al'adar ba ta mutu tare da manzanni ba. Wajen shekara ta 251 Korniliyus, bishop na Roma, ya rubuta wasiƙa inda ya lissafta ma'aikatan ekklesiyarsa, dattawa 46 da dikinoni 7 da waɗansu, ya kuma ce gwauraye da masu shan wuya fiye da 1,500 ne a ke ciyarwa. A zamanin tsanani ne wannan, sa'ad da ekklesiya ba ta da gata a wurin sarauta. Ya san yawansu domin an ƙidaya su.

Yanzu sai mu tsaya a aya ta 16, wadda a kan yi saurin wucewa. A cikin tsofaffin rubutun Helenanci mafi daɗewa, da mace mai bi a ke magana, wadda ta ke da gwauraye a hannunta: ta ci gaba da taimakonsu, don kada a nawaita wa ekklesiya. Bulus ya san ko wace ce ke yin aikin. Waɗansu dattawa sun mai da ayar nan ƙofar gudu, su ce, ai Baba yana da 'ya, ba ruwan ekklesiya. A ganinmu wannan karatu bai yi daidai ba. Abin da manzon ya ke tsarewa shi ne asusun ekklesiya, domin ya ishi marasa kowa. Bai ce a juya wa matar nan baya ba. Kalmar da ya mora ta nawaitawa tushenta ɗaya da wadda ke cikin Galatiyawa 6:2, inda ya umarci masu bi su taya juna ɗaukar abin da ya yi nauyi. A aya ta 5 ta wannan sura kuwa, inda ya ce kowa zai ɗauki nasa, wata kalma dabam ce, wadda a kan mora ga kayan da jirgin ruwa ke ɗauka. Ba mu so mu matsa bambancin kalmomin biyu fiye da kima, amma ma'anar a fili ta ke ga duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako a kasuwa. Kayan nasa ne, ba mai karɓe masa, duk da haka ba ya iya ɗora buhu a ka ko ya sauke shi sai wani ya kama masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanda a ke mantawa

Gunaguni na fari da aka rubuta a cikin ekklesiya a kan gwauraye ne. Yahudawa masu jin Helenanci suka ga ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kowace rana. Luka bai ce da gangan aka yi ba. Baƙi ne, harshensu dabam, masu rabo kuwa sun fi sanin nasu. Manzanni ba su yi wa'azi a kan haƙuri suka sallami jama'a ba. Suka sa a zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, suka yi addu'a, suka ɗibiya musu hannuwa. Abin lura shi ne dukansu sunayen Helenanci gare su, ɗayansu ma, Nikolas na Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne. Istifanus, shahidi na fari, daga cikin masu rabon abincin tsofaffin mata ya fito. Kada saurayi ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta.

Wannan labari kamar don mu aka rubuta shi. A yawancin majami'unmu kabilu da yawa ne ke sujada da Hausa. Tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga tsaunukan Filato ko Adamawa ya kawo ta birni domin jinya, wadda ba ta jin Hausa sosai balle Turanci, ita ce gwauruwar Helenawa ta zamaninmu. Ba ta cikin ƙungiyar kowa. Surukarta da ke jinyarta ta daina zuwa Zumuntar Mata wata shida ke nan, aka rubuta ta cikin masu sanyin ruhaniya, ba wanda ya je ya ga dalili.

Abin da za a iya yi

Abu na fari da mai jinya ta ke bukata, hutu ne. Ziyarar mutum goma a yini guda, waɗanda za ta shimfiɗa wa tabarma ta kawo musu ruwa, ƙarin aiki ce. Abin da zai amfane ta shi ne mutum ɗaya da ta amince da shi, wanda zai zo a ranar da aka sa, ya zauna da tsohon awa uku ko huɗu, ita kuwa ta tafi kasuwa, ko sujada, ko ta rufe ƙofa ta yi barci. In mata 8 na Zumunta suka yarda su yi bi da bi, sau biyu a mako, kowace sau ɗaya kaɗai za ta je a wata. Sai dai a rubuta, a kuma sa dikon guda ya riƙe takardar, gama aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Maza ma suna da rabonsu. Tsoho da yawa ya gwammace ya zauna da dauɗa da a ce matar ɗansa ta ga tsiraicinsa, saboda haka wankan dattijo da askinsa aikin Zumuntar Maza ne. Samari su ɗebo ruwa, su faskara itace, su gyara rufin ɗaki tun damina ba ta faɗi ba. A ƙauye, gayyar da kakanninmu suka sani ta isa ta nome gonar gwauruwa da safe guda.

Masu zuwa su koyi abu kaɗan na jinya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi wajen kowace awa biyu, a kiyaye shimfiɗarsa a bushe, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige za ta ɓare ta zama gyambo mai wuyar warkewa. In akwai nas a cikin jama'a, a roƙe ta ta riƙa auna hawan jini. Kada a matsa wa mai ciwon sukari da ke shan magani ya shiga azumin ekklesiya. Fasto kuma ya kai Jibin Ubangiji har bakin gado, gama wanda ya kasa zuwa bai fita daga jikin Kristi ba. Abin da aka gani a ɗakin majinyaci kuwa, a bar shi a can.

Akwai wani abu da ya wajaba mu faɗa a fili. Waɗansu tsofaffi su kan kamu da gigin tsufa: su manta sunayen 'ya'yansu, su fita da dare su ɓata, su yi magana da matattu, su ce an sace musu abin da su da kansu suka ɓoye. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, mafi yawansa irin wanda likitoci ke kira Alzheimer, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya sun wuce miliyan 55. A wurare da dama a ƙasar nan an kira irin waɗannan tsofaffi mayu, an doke su, har an kashe waɗansu, domin sun amsa laifin da aka tambaye su cikin ruɗewa. Mai bi da ya sa hannu ko baki cikin wannan ya karya doka ta biyar da ta shida tare. Inda aka ga alamun nan, asibiti za a nufa. Mai jinyar irin wannan tsoho kuwa ita ce mafi gajiya duka, gama wanda ta ke yi wa hidima ya kan zage ta bai sani ba. In ta ce ta gaji, ko ta ce wani lokaci ta kan yi fushi, kada a yi mata wa'azi. A karɓe ta na kwana biyu.

Gwamnati ma ta fara motsi. A Janairu 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta kuwa fara aiki a Abuja a 2021. Muna murna da wannan, dattawan ekklesiya kuma su bincika ko akwai abin da tsofaffinsu za su samu ta wurin. Amma yawancin iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da fansho, ba kuwa ofishin da zai zo ya juya Baba da ƙarfe biyu na dare.

A ƙarshe a duba Rut. Baƙuwa ce, Bamowabiya, gwauruwa, tana ciyar da surukarta Na'omi da abin da ta kalato. Bo'aza bai karɓe mata aikin ba. Ya ba ta wurin kala inda ba mai cutarta, ya ce ta sha daga tulunan ma'aikatansa, ya kira ta cin abinci, ya kuma umarci samarinsa a asirce su riƙa zare zangarku daga dammuna su bar mata. Ya sauƙaƙa mata kayan ba tare da ya kunyata ta ba. Matan Baitalami kuma suka yabe ta a fili, suka fifita ta a kan 'ya'ya maza bakwai (Rut 4:15).

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin abin da Bulus ya ɗora wa iyali da abin da ya ɗora wa ekklesiya? Ina su ke haɗuwa?
2. Wane irin Korban ne ya fi yawa a cikinmu yau?
3. Su wane ne suka daina zuwa sujada a shekarar nan saboda tsufa, ko saboda suna jinyar wani? A rubuta sunayensu kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu da za su je gidajen a makon nan su tambayi mai jinya ranar da ta fi so a karɓe ta, su kawo amsa a darasi mai zuwa.