Mai Gidan Haya, Abin da Aka Sallama Kaɗai Kake Bi

Kada ka ɗora wa ɗan haya ko kwabo a kan cinikin da kuka yi. In an sallama ɗaki naira 60,000 a shekara, to 60,000 ɗin ce, ko a Ikara ne ko a Hunƙuyi. Sharaɗin haya a fiƙihu shi ne kowa ya san adadin kuɗin tun ranar ƙulla magana.

Kada ka ce masa "turo ta waya, amma ka haɗo da na cirewa." Wannan ɗabi'a ta yi jijiya ne lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sa'ad da masu POS suka riƙa yanka wa mutane caji son ransu. Ƙarancin ya wuce, ɗabi'ar ta zauna. Kai ka zaɓi a turo maka, kai za ka biya mai POS. Ɗalibar da ta zo karatun kiwon lafiya Maƙarfi, wadda ubanta ya sayar da rakensa tun yana gona don ya kama mata ɗaki, ba ita za ta ɗauke maka wannan ba.

In ɗan haya ya kawo tsaba, karɓa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta sa ƙin karɓar naira ya zama laifi: tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida.

Kada ka ci shi tarar jinkiri. Ƙari a kan bashi saboda lokaci ya ja riba ce, kuma ka sani. Manomin tumatir na Kudan da kasuwa ta faɗi masa, ko ka yi masa uzuri, ko ka ba shi notis. Cire ƙofa da kwashe kwanon rufi ba naka ba ne. Kotu ke fitar da mutum.

Rubuta rasit duk biya. Kuɗin wuta da na kwashe masai, ware su daban, ka nuna takardarsu. Legas ta wajabta ba da rasit tun 2011, kuma ban ga abin da zai hana mu yi don kanmu ba.

Kai kuma ɗan haya, biya a kan kari, kada ka riƙa ɓuya. Kada ka yarda da magana ta fatar baki. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu. In an nemi ƙari, ɗauki takardarka ka je wurin mai unguwa. In abin ya gagara, sai gaban alƙali.