Darasi: Idan Mai Gida Ya Sauya Sharuɗɗan Aiki

'Yan'uwa, duk wanda ya saba sauraron Littafin Farawa ya san labarin Yakubu a gidan kawunsa Laban. Shekara 20 ya yi yana yi masa hidima, kuma kukan da ya yi a ƙarshe shi ne an sauya masa lada har sau goma. Wannan kuka bai tsufa ba. Har yanzu muna jin irinsa a bakin masu aiki a shaguna da gidajen mai na Kazaure da Babura, da masu gadi da direbobi a Roni da Gwiwa.

Mu ɗauki misali. An ɗauki saurayi aiki bisa cewa duk ranar da zai bari, ya ba da notis na mako biyu. Bayan shekara uku ya sami aikin da ya fi wannan a Kano. Sai mai gida ya ce ai tsari ya sauya tun bara, yanzu wata uku ne, in ba haka ba ya haƙura da albashinsa na ƙarshe. Ba wanda ya taɓa faɗa masa. Sabon aikin kuwa ba zai jira shi wata uku ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi magana a kan wannan. Sashe na 7 ya wajabta wa mai gida ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki, har da tsawon notis. Idan an sauya wani abu a ciki, dole a sanar da ma'aikacin cikin wata guda. Sashe na 11 kuma ya tsara notis ɗin kansa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye sai a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Mu lura, igiyar ta ɗaure kowa: ma'aikacin da ya sulale da dare ba sallama shi ma ya saɓa.

Inda muka fi so mu tsaya shi ne bambancin sanarwa da yarda. Yarjejeniya ta mutum biyu ce, ɗaya ba ya warware ta shi kaɗai ya sake ƙullawa. Amma fa shiru yana da haɗari. Wanda aka miƙa wa sabuwar takarda ya sa hannu bai karanta ba, ko ya ji sabon sharaɗi ya ci gaba da aiki wata da watanni bai ce uffan ba, ana iya cewa ya amince. Mun san abin da ke sa mutane shiru: akwai yara a gida, aiki kuma ya yi wuya. Tun 1891 Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa Rerum Novarum, ya koyar cewa ma'aikacin da ya karɓi mugun sharaɗi saboda tsoro ko larura, zaluntarsa aka yi ko da ya ce ya yarda. Maganar nan ta hau kanmu mu ma, domin a cikinmu akwai masu shago da masu gona da ke ɗaukar mutane aiki.

Dokar ba ta rufe kowa ba. An yi ta ne domin leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Masu muƙamin shugabanci da ƙwararru abin da ke cikin takardarsu ne ya fi yi musu hukunci. Saboda haka kowa ya nemi takardarsa tun yana zaman lafiya da mai gida, ya adana ta. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa wanda ya amince da shi. Idan an kawo sauyin da bai yarda ba, ya rubuta haka cikin ladabi, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafi. Idan sulhun dattawa ya gagara, tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma tana da reshe a Kano.