KAMA DA WANE BA TA WANE: Ruɗanin Sunayen Kiran Jiragen Sama

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji mai Musa biyu ya san abin da kan faru idan ya kira sunan: ko dai su amsa tare, ko kuma kowa ya yi shiru yana zaton ɗan'uwansa ake nufi. A aji abin dariya ne. Amma a sararin samaniya irin wannan ruɗani yana iya cin rayukan ɗaruruwan mutane cikin ƙiftawa da bismilla.

Mene ne Sunan Kira?

Kowane jirgi da ke tafiya yana da sunan da jami'in kula da zirga-zirgar jirage ke kiransa da shi ta rediyo. Yawanci sunan kashi biyu ne: laƙabin kamfani, sannan lambar tafiya. Alal misali, ana kiran jiragen British Airways da laƙabin Speedbird.

Wahalar ita ce, jirage da dama suna sauraron zango ɗaya, kuma mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda. Saboda haka kowane matuƙi yana jin umarnin kowa, sunan kira ne kawai ke nuna masa nasa.

Abin da ya Faru a Japan

Ranar 31 ga Janairu, 2001, da la'asar, jirage biyu na kamfanin Japan Airlines suka doshi juna a sararin gaɓar Suruga. Na farko, mai lamba 907, ƙirar Boeing 747, ya taso daga Tokiyo za shi Okinawa da mutum 427, yana hawa zuwa ƙafa 39,000. Na biyu, mai lamba 958, ƙirar DC-10, ya fito daga Busan ta Koriya ta Kudu da mutum 250, yana tafiya a ƙafa 37,000.

Jami'in da ke kula da su yana cikin koyon aiki ne. Da ya ga hanyoyinsu za su haɗu, ya yi niyyar ya ce wa 958 ya sauko, sai bakinsa ya suɓuce ya kira 907. Jami'ar da ke sa masa ido ta shiga don ta gyara, ita kuma ta kira 957, lambar da babu jirgin da ke amsa ta a wurin.

A cikin kowane jirgin akwai na'urar kauce wa karo da ake kira TCAS. Ta umarci 907 ya hau, 958 ya sauka. Matuƙin 907 ya bi maganar jami'i ya ci gaba da sauka, na 958 kuwa ya bi na'ura, shi ma ya sauka. Da matuƙin 907 ya ga ɗayan jirgin ya cika masa ido, sai ya dulmiya da nasa ƙasa da ƙarfi, ya wuce ta ƙarƙashi, tsakaninsu kimanin mita 135. Ba a rasa rai ba, amma mutum 100 sun ji rauni a cikin 907.

Me ke Kawo Wannan Kuskure?

Na ɗaya, ƙwaƙwalwar ɗan'adam ba ta iya riƙe lambobi masu yawa a lokaci guda. Idan aiki ya yi yawa sai ta gauraya su. Ku lura cewa 957 haɗin gambiza ne: 95 daga 958, 7 kuma daga 907.

Na biyu, kunne yakan ji abin da zuciya ke jira. Matuƙin da ya daɗe yana dakon izinin tashi, da ya ji lamba mai kama da tasa sai ya ɗauka shi ne. Haka ta faru a filin Midway na Shikago a Amurka a 2015, inda aka ba Southwest 3828 izinin tashi, Delta 1328 shi ma ya ɗauka nasa ne. Duka biyun suka fara gudu a kan hanyoyi masu giciye da juna, sai da jami'i ya tsayar da su.

Na uku, idan biyu suka danna maɓallin magana tare, muryoyin kan danne juna, a ji ƙara kawai. Ta haka amsar wanda ya yi kuskure takan ɓace ba a ji ba.

Matakan Kariya

Doka ta wajabta wa matuƙi ya maimaita umarni tare da cikakken sunan kiransa, jami'i kuma ya saurara ya tabbatar. Idan sunaye biyu sun yi kama, jami'i yakan gargaɗi matuƙan, yana ma da ikon canja wa ɗaya suna na ɗan lokaci. A Turai kamfanoni da yawa suna cakuɗa haruffa da lambobi a sunan kira, hukumar Eurocontrol kuma ta samar da manhajar kwamfuta mai tace jadawalin tafiye-tafiye don gano masu kama tun kafin su tashi. Bugu da ƙari, bayan abin da ya faru a Japan da karon da aka yi a sararin Jamus a 2002, wanda ya kashe mutum 71, hukumar ICAO ta fayyace cewa idan umarnin TCAS ya saɓa da na jami'i, na'urar za a bi.

Gwaji a Aji

Malam ya ba ɗalibai shida katuna masu lambobin 907, 958, 957, 214, 630 da 481, su juya masa baya. Ya riƙa kiran lamba da sauri tare da umarni, kamar "ɗaga hannu" ko "zauna", sauran ajin suna tafi. A ƙirga kuskuren kowa. Sannan a sake, amma kowa ya maimaita lambarsa da umarnin kafin ya aikata. Su wane ne suka fi yin kuskure a zagaye na farko, kuma nawa ne maimaitawa ta kama a na biyu?