Darasin Kimiyya: Yadda Allon Madannai da Ɓeran Kwamfuta Ke Aiki Daga Nesa

A ce akwai uwar garke a wani ofishi a Illela, garin kan iyaka da ke fuskantar Birnin Konni, kuma injiniyan da ke kula da ita yana Sakkwato. Uwar garke ita ce kwamfutar da sauran kwamfutoci ke roƙon bayanai daga gare ta. Idan ta ƙi tashi, ba dole ya kama hanya ba. Daga kan teburinsa zai danna madanni, ta amsa kamar yana gabanta. Ta yaya?

A kan babban allon uwar garke akwai wata ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta, da ake kira BMC. Mu kira ta mai gadi. Kamfanin Dell na kiran nasa iDRAC, HPE kuma iLO, ƙa'idar IPMI da yawancinsu ke fahimta kuwa ta fito a 1998. Mai gadi yana da adireshinsa na sadarwa, kuma muddin wayar wuta na jone, ba ya barci ko da an kashe uwar garken.

Dabararsa kwaikwayo ce. Ta wata hanyar USB da ke cikin akwatin, sai ya gabatar da kansa a matsayin allon madannai da ɓera. Uwar garke ta tambaye shi ko shi wane ne, ya ba ta amsar da allon gaske zai bayar, ta karɓa. Shi ya sa yake aiki tun kafin Windows ko Linux su tashi.

A nan ya kamata ɗalibi ya natsu. Allon madannai ba ya aika harafi, lambar gurbin madanni yake aikawa. Saƙon yau da kullum bayit 8 ne: na farko na ɗauke da madannai irin su Shift da Ctrl, na biyu a ajiye yake, sauran 6 kuma na madannan da aka danne lokaci guda. Injiniya ya danna, saƙo ya bi intanet a rufe da sirri, mai gadi ya miƙa lambar ta USB. Babbar manhajar uwar garke ce ke fassara lambar zuwa harafi. Wannan na da muhimmanci a kan iyaka, domin a Nijar an saba da tsarin Faransa, inda A ke zaune a gurbin Q na allon Ingilishi. Idan tsarin ɓangarorin biyu ya saɓa, mutum zai rubuta kalmar sirri daidai, ta isa a karkace. Haka ma ƙ, ɗ da ɓ ba su da lambar kansu, sai an ɗora tsarin Hausa a can.

Dannawa saƙo ne, sakin madanni ma saƙo ne. Idan sadarwa ta yi jinkiri saƙon sakin ya makara, uwar garke za ta ɗauka yatsa na nan, sai harafi ɗaya ya yi ta maimaituwa.

Ɓera yana da salo biyu. A na farko yana cewa "matsa dama kaɗan," uwar garke ta ƙara nata saurin, sai kibiyar injiniya da ta can su rabu. A na biyu yana faɗin ainihin wurin a fuskar kwamfuta, kibiyoyin su haɗu. Ni dai ina ba ɗalibaina shawarar na biyu duk inda ya samu.

Hoton fuskar kwamfutar kuwa mai gadi ne ke ɗauka, ya matse shi, ya tura Sakkwato. Amma idan wuta ta ɗauke a Illela kuma batir ya ƙare, mai gadi ma ya yi shiru, sai an sami wanda zai tayar da janareta.